Karatun Kemistiri a jami'a: Abin da ya kamata ɗalibin Bici da iyayensa su sani

Duk shekara idan jami'o'i suka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai wani irin shiru da kan sauka a wasu gidaje na Bici da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Yaro ya nemi Likitanci ko Haɗa Magunguna, makinsa na JAMB bai kai ba, sai aka ba shi Kemistiri. Shi yana ganin ragowa aka miƙa masa. Mahaifinsa kuwa, wanda ya riga ya fara lissafin buhunan gero da gyaɗa da zai fitar domin kuɗin rajista, tambaya ɗaya yake yi: "To in ka gama, kemis za ka buɗe ke nan?"

Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin shekara huɗu na rayuwar matashi da gumin iyali guda ne ke rataye a kanta. Wannan bayani zai duba mene ne fannin, ta wace ƙofa ake shigarsa, me ake koyo a cikinsa, a ina ɗalibai suka fi tuntuɓe, da kuma irin aikin da ke jiran wanda ya kammala shi da kyau.

Kemistiri daban, kemis daban

Shagon sayar da magani da muke kira kemis yana ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, wato PCN. Mai son zama masanin magunguna sai ya karanta Famasi, karatun da kan ɗauki shekara biyar ko shida. Digirin Kemistiri ba ya ba mutum izinin rubuta magani ko duba marar lafiya.

Kemistiri ilimi ne na sanin abin da kowane abu ya ƙunsa, da yadda yake sauyawa idan ya haɗu da wani, da kuma adadin da ake buƙata kafin sauyin ya auku. Ita kanta kalmar "kimiyya" da Hausawa ke kiran dukan ilimin zamani da ita, daga Larabci aka aro ta, kuma asalinta sunan wannan fanni ne. Masana irin su Jabir ibn Hayyan da Abubakar ar-Razi sun yi fice a tace sinadarai fiye da shekara dubu da suka wuce. Kalmar "alkali" da ɗaliban sakandare ke haddacewa a matsayin kishiyar asid ma daga kalmar Larabci mai nufin toka ta fito.

Bahaushe bai baƙunci wannan ilimi a aikace ba. Matar da ke jefa kanwa a tukunyar wake domin ya yi saurin nuna, da mai tace ruwan toka domin yin sabulu, duk aikin sinadarai suke yi. A marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ana haɗa baba da toka da katsi a rijiyar rini a bar su kwanaki. Idan aka tsoma zane aka fito da shi, da fari yakan nuna launin kore-kore, sai ya koma shuɗi a gaban idon mai kallo. Dalili shi ne sinadarin baba ba ya narkewa a ruwa sai an sauya masa siffa a cikin rijiyar, idan kuma ya sake shaƙar iska sai ya koma siffarsa ta farko, ya maƙale a jikin zaren.

Marini ya san yadda ake yi, ya gada daga iyaye. Abin da jami'a ke ƙara wa ɗalibi shi ne sanin dalili da sanin adadi. Idan aka taƙaita Kemistiri a kalma ɗaya, to awo ne. Wanda ya fito daga jami'a ya iya auna abin da ido ba ya gani, ya kuma tsaya a kan sakamakonsa, ya samu abin da ya je nema. Wanda ya fito da takarda kawai ba tare da wannan ba, ya yi asarar shekarunsa.

Ƙofofin shiga

Ɗan Bici ba ya buƙatar yin nisa kafin ya soma. A cikin garin akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya (Fasaha), wadda aka kafa a 1987, tana horar da malaman kimiyya da fasaha da sana'o'i. Takardar NCE shekara uku ce, kuma a kwalejojin ilimi akan haɗa Kemistiri da wani fanni kamar Bayoloji ko Fiziks ko Lissafi. Kwalejin ta kuma gudanar da karatun digiri bisa haɗin gwiwa da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci. Ga wanda halin gidansu bai kai na kama ɗaki a birni ba, da kuma 'ya'ya mata waɗanda iyayensu ba sa son su yi nisa, wannan ƙofa ce mai muhimmanci.

A matakin jami'a, Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen da ke koyar da Kemistiri zalla da kuma Kemistirin masana'antu. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, da jami'ar jiha da aka kafa a cikin birni a 2012 da sunan Northwest. A maƙwabta kuma akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina.

Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne ko'ina: kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Kemistiri da Fiziks, sai wani darasin kimiyya guda, galibi Bayoloji. A jarrabawar JAMB ana ɗaukar Turanci da Kemistiri, a ƙara biyu daga cikin Fiziks da Lissafi da Bayoloji, gwargwadon abin da jami'ar ta gindaya. Wanda ya shiga ta wannan hanya zai yi shekara huɗu. Mai NCE ko difloma ko IJMB da sakamako mai kyau yana iya neman shiga kai-tsaye zuwa aji biyu, ya yi shekara uku.

Ya kamata a bambance digiri uku masu kama da juna, domin iyaye da yawa ba sa lura sai an yi nisa. Kemistiri zalla ya fi karkata ga bincike da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Kemistirin masana'antu ya fi duba yadda ake sarrafa kaya da yawa a kamfani, kamar sabulu da fenti da taki da man girki. Digirin koyar da Kemistiri kuwa rabinsa sinadarai ne, rabinsa dabarun koyarwa, kuma shi ne hanya mafi miƙewa zuwa rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta TRCN.

Jihar Kano tana da tarihi a shirya yara domin irin wannan karatu. A 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma ta biyun maƙwabciyar Bici ce. Manufar kafa su ita ce cike giɓin likitoci da injiniyoyi da masana kimiyya 'yan asalin jihar. Sai dai mafi yawan yaran karkara ba ta waɗannan makarantu suke bi ba, kuma nan ne wahalar shekarar farko take samo asali.

Abin da ake koyo shekara bi shekara

Shekarar farko ta share fage ce. Ɗalibi zai zauna a babban zaure tare da ɗaruruwan 'yan kimiyya, ana koya musu Kemistiri na bai-ɗaya da Lissafi da Fiziks da Bayoloji da Turanci. A nan ne zai sake haɗuwa da jadawalin sinadarai da Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara a 1869, wanda a yau yake ɗauke da sinadaran asali 118. A nan ne kuma zai haɗu da ma'aunin da ake kira mol, wanda ya zama tsaunin da ɗalibai da dama ke kasa hayewa.

Misali daga gona zai sauƙaƙa shi. Kowane manomi ya san buhun yuriya, wasu ma sun lura da lambar 46 a jikinsa. Daga ina ta fito? Kowace ƙwayar yuriya ta ƙunshi kabon guda mai nauyin 12, da okisijin guda mai nauyin 16, da naitirojin biyu masu nauyin 28 a haɗe, da haidirojin huɗu masu nauyin 4. Jimilla 60 ke nan. Idan aka raba 28 da 60, sai a samu kashi 46 da 'yan kai cikin 100. Saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kimanin kilo 23 na naitirojin, sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar.

A kwatanta shi da takin NPK 15-15-15 da manoma ke kira kamfa. Buhunsa mai kilo 50 yana da kilo 7.5 ne kacal na naitirojin, tare da rabonsa na fosfaras da fotashiyam. Wato sai an tara buhu uku na kamfa kafin a kusanci naitirojin ɗin da ke cikin buhu ɗaya na yuriya. Ɗalibin da ya fahimci wannan lissafi ya kama bakin zaren mol, ya kuma samu abin da zai faɗa wa mahaifinsa kafin a tafi kasuwa sayen taki.

Daga shekara ta biyu fannin yakan rabu gida huɗu. Oganik yana nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon, kamar man fetur da roba da magunguna da abinci. Abin sha'awa, yuriya ce ta buɗe wannan babi, lokacin da Friedrich Wöhler na Jamus ya haɗa ta a ɗakin gwaji a 1828, a zamanin da ake zaton jikin mai rai kaɗai ke iya samar da ita. Inoganik yana duba ƙarafa da gishiri da ma'adinai. Fizikal yana bincike kan zafi da sauri da ƙarfin da ke tafiyar da sauyin sinadarai, kuma lissafi ne tsagwaronsa. Analitikal shi ne reshen awo: mene ne a cikin wannan ruwa ko ƙasa ko hatsi, kuma nawa ne?

A shekara ta uku akan tura ɗalibi horon sanin makamar aiki na SIWES, galibi na wata shida, a masana'anta ko hukuma ko cibiyar bincike. Unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Calawa, da tashoshin tace ruwan sha, suna cikin wuraren da ɗaliban Kano ke nema. Wasu kan ɗauki wannan lokaci a matsayin hutu, su nemi inda za a sa musu hannu a littafi kawai. Kuskure ne babba, domin ga ɗalibai da yawa wannan ne karon farko da za su taɓa na'urorin da suka karanta a takarda, kuma sau da yawa daga nan ake ƙulla sanayyar da ke kai mutum ga aiki.

Shekarar ƙarshe ta kundin bincike ce. Ɗalibi zai zaɓi matsala guda, ya tattaro samfuri, ya auna, ya rubuta, sannan ya kare aikinsa a gaban malamai.

Ɗakin gwaje-gwaje

Ba a koyon tuƙi da karanta littafi, haka ma wannan fanni. Gwajin farko da kowane ɗalibi ke yi shi ne ɗiga asid daga wani dogon bututun gilashi mai zanen awo zuwa cikin kwalbar da ke ɗauke da alkali, ɗigo bayan ɗigo, har launin ruwan ya juya. Ɗigo ɗaya ya wuce, sakamako ya ɓaci. Ana maimaitawa sau biyu ko uku har sai alkaluman sun yi kusa da juna. Darasin da ke ciki ya wuce na asid da alkali. Haƙuri ake koyo, da tsabtar kayan aiki, da rubuta abin da aka gani ko da bai yi wa mutum daɗi ba.

A nan ne jarrabawar amana take. A makarantu da dama kayan aiki ba sa isa, sai a tara ɗalibai goma ko fiye a kan teburi guda, biyu su yi aikin, sauran su kwafi alkaluma. Wasu ma kan gyara sakamakonsu ya dace da na littafi. Ɗalibin da ya saba da wannan tun yana aji ɗaya, shi ne gobe zai sa hannu a takardar da ke cewa ruwan leda lafiyarsa ƙalau alhali bai auna ba. Shawarar ita ce ɗalibi ya riƙa zuwa da wuri, ya karanta gwajin tun daren jiya, ya nace sai hannunsa ya taɓa aikin, ya kuma girmama ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda sau da yawa su ne suka fi kowa sanin halin kowace na'ura.

Dokokin kariya ba abin wasa ba ne. Ana zuba asid a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikin asid mai ƙarfi, domin zafin da ke tashi kan sa ya fantsama a fuska. Ba a zuƙo sinadari da baki, ba a ci ko sha a ɗakin, ba a shiga da silifas. Farar riga da tabarau na kariya wajibi ne. Ɗalibai mata su cusa gefen hijabi a cikin farar rigar, maza masu manyan riguna su ma su tattare hannayensu, saboda harshen wutar da ake dumama sinadarai da shi.

Inda ake tuntuɓe

Abu na farko Lissafi ne. Ɗalibai da yawa da suka so Likitanci sun fi ƙarfi a Bayoloji da hadda, sai su tarar da cewa rabin Kemistiri lissafi ne. Wanda ya san yana da rauni a nan, gara ya yi amfani da watannin jiran fara karatu ya koma kan littattafan sakandare.

Na biyu harshe ne. Yaron da ya taso a makarantar da ake bayyana kusan komai da Hausa zai tsinci kansa a gaban malamin da ke zuba Turanci da sauri ta lasifika. Babu abin kunya a ciki. Ƙungiyar karatu ta mutum huɗu ko biyar, inda ake warware darasi da Hausa sannan a sake rubuta shi da Turanci, ta ceci ɗalibai da dama.

Na uku shi ne raba hankali. Wanda ya shiga da niyyar sauya kwas bayan shekara guda yakan yi wa darussansa riƙon sakainar kashi. Guraben Likitanci da Famasi ƙalilan ne, kuma sauyin, inda aka yarda da shi, sai da sakamako mai kyau ƙwarai. Ga tsarin maki kuma ba ya mantuwa: ana tara sakamakon kowane zango tun daga na farko. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'i ke bi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50, ƙaramar daraja ta biyu daga 2.40. Ramin da aka haƙa a aji ɗaya yana da wuyar cikewa a aji huɗu.

Na huɗu kuɗi ne da lokaci. Bayan rajista akwai masauki da abinci da kuɗin mota da takardu, sannan kundin bincike, wanda kan buƙaci sayen sinadarai ko biyan kuɗin awo a wata cibiya. Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashin karatu marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Iyali su kuma sa a ransu cewa shekara huɗu tana iya miƙewa: yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Aikin da ke bakin ƙofa

Ƙasar Bici tana cikin yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960: karkara mai cunkoson jama'a, inda ake noma gona ɗaya kowace damina ba a bar ta ta huta ba, ana riƙe ƙarfinta da takin gida. Ƙasa ce mai yashi, mai ƙarancin naitirojin da fosfaras. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru yana ƙara wa ƙasa tsami, kuma idan aka watsa ta a sarari cikin zafi ba a rufe da ƙasa ba, wani kaso na naitirojin ɗin yakan bi iska a siffar amoniya. Manomin damina da mai noman rani a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai duk suna zuba kuɗi a ƙasar da akasari ba a taɓa auna ta ba.

Shi kansa takin zamani ɗan Kemistiri ne. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma hatsi ba ya iya cin sa kai-tsaye. Fritz Haber ya gano hanyar mayar da shi amoniya a 1909, Carl Bosch ya kai dabarar matakin masana'anta a 1913. Wannan hanya ce ake bi a masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022 da ƙarfin samar da tan miliyan uku na yuriya a shekara.

A kan hanyar Bici zuwa Kano akwai kasuwar hatsi ta Dawanau, inda kayan gona ke tashi zuwa ƙasashen waje. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos da aka samu a jikinsa. Iyakar da Turai ta yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, wato miligiram ɗaya tak a buhu mai kilo 100. Babu ido ko hancin ɗan kasuwa da zai gane wannan adadi, sai na'ura da wanda ya iya aiki da ita.

Haka batun gyaɗa da masara. Idan ba su bushe da kyau ba, wata fumfuna kan fito musu ta haifar da gubar afalatoksin, wadda ake dangantawa da ciwon dajin hanta. An gano ta ne bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Yau duk mai fitar da gyaɗa zuwa manyan kasuwannin duniya sai ya gabatar da takardar awo.

Darasi mafi ɗaci ya zo daga Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ankarar da duniya game da mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Iyaye suna niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ba su san cewa duwatsun cike suke da dalma ba. Yara aƙalla 400 suka rasu. Awon jini da na ƙasa ne ya tabbatar da musabbabin, awo ne kuma ya nuna gidajen da za a kankare ƙasarsu. A Kano ma, ruwan da ke fita daga masana'antun jima yana buƙatar masu bin diddiginsa, domin jimar zamani tana amfani da sinadarin kuromiyam.

Duk waɗannan batutuwa ne da ɗalibin aji huɗu zai iya ɗaukar ɓangarensu a kundinsa: ruwan rijiyoyin ƙauyensu, ƙasar gonar gidansu, waken kasuwar garinsu.

Bayan an karɓi takarda

Gaskiya ita ce digirin Kemistiri ba ya zuwa da kujerar aiki a ɗaure kamar yadda ake ganin na Likitanci. Masana'antun Kano da yawa sun durƙushe, guraben hukumomi irin su NAFDAC da SON da hukumomin ruwa da na muhalli kuma ba su kai yawan masu nema ba. Waɗanda suka samu shiga kamfanonin abinci da abin sha da siminti da taki da magunguna, galibi a sashen tabbatar da ingancin kaya suke aiki. Cibiyar ICCON, wadda doka ta kafa a 1993, ita ce ke yi wa masu sana'ar rajista. Wasu kan ci gaba zuwa digiri na biyu, wasu su kafa ƙananan sana'o'in sabulu da fenti da man shafawa da tace ruwa, inda iya awo ke bambanta kayansu da na masu haɗin kan-ka.

Koyarwa ita ce ta fi ɗaukar mutane, kuma bai kamata a raina ta ba. Malamin Kemistiri guda da ya san aikinsa a sakandaren ƙauye yana iya buɗe wa ɗaruruwan yara hanyar zama likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake shiga ba da kiredit a wannan darasi ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta wannan hanya ya bi. Ya karanta Kemistiri da koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1972 zuwa 1975, ya koma ya yi digiri na biyu a reshen analitikal, ya koyar a Zariya da Katsina, ya shugabanci kamfanin gona a Funtuwa, kafin ya zama Gwamnan Katsina a 1999 da Shugaban Ƙasa a 2007.

Kafin a karɓi gurbin

Iyali su zauna da yaro su tambayi kansu abubuwa kaɗan. Shin yana jure wa Lissafi, ko zai iya gyara rauninsa kafin a fara? Wane ne daga cikin digirin nan uku aka ba shi, kuma ya dace da abin da yake hange? Shin kwas ɗin yana da amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i ta NUC, ko ta NCCE idan kwalejin ilimi ce? Me ɗaliban da ke aji uku da huɗu a sashen ke cewa game da ɗakin gwaje-gwaje, sau nawa ake shiga, mutum nawa a teburi? Kuma zai zauna ya riƙe fannin hannu bibbiyu, ko zuciyarsa tana wani wuri?

Idan zuciyar tana kan Likitanci ba ta sauka ba, sake zama JAMB da shiri mai kyau ya fi ɓata shekara huɗu ana ƙunƙuni. Idan kuwa yaro ya amince ya gwada, to ya shiga da sanin cewa sana'ar awo ya je koyo, kuma ranar da ya dawo gida, ƙasar gonar mahaifinsa da ruwan rijiyar unguwarsu suna cikin abubuwan farko da ke jiran ya auna.